Ƙyauren Gidan Surukata

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu, ya tara ruwa inda ya so, ya rarraba wa mutane harsuna da al'adu, ya kuma ɗora wa kowane bawa kayan da zai iya ɗauka. Ku gyara zama, ya ku masu saurare. Ni ne Tunau ɗan Barmo, falken gishiri, mutumin Gangaren Tama da ke bayan Duwatsun Hayaƙi. Na yi yawon duniya har tafin ƙafata ya fi na raƙumi kauri, kuma ba a taɓa kayar da ni a cacar baki ba, ko a kasuwa ko a gaban alƙali. Amma cikin tafiye-tafiyena duka babu wadda ta gasa mini aya a hannu kamar wadda na yi da tsohuwa ɗaya da jaki ɗaya, muka bi gaɓar Tafkin Malale zuwa tsohon Birnin Kurmasa.

Tsohuwar nan surukata ce, uwar matata Marka. Kada ku tambaye ni sunanta, ba ya fita bakina. Inna nake ce mata. Marka kaɗai ta haifa, shi ya sa da mijinta ya rasu muka ɗauko ta ta zauna tare da mu. Sai ga shi wata damina zazzaɓi ya kwantar da Marka, ba ta kuwa tashi ba. Allah bai ba mu haihuwa ba. Gida ya rage daga ni sai Inna.

To ku sani, a ƙasarmu kunyar suruka ba abin wasa ba ce. Ba ka kallon idonta, ba ka cin abinci a gabanta, ita ma ba ta ci a gabanka. In kun yi kiciɓis a soro sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, ka yi ta kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Magana kuwa, ban da gaisuwa, sai an sami na uku a tsakani. Da Marka ce bakinmu. Da ta tafi sai gidan ya yi tsit. In ajiye cefane a ƙofar ɗakin Inna, ita kuma ta ajiye mini akushi a ƙofar nawa. Amma wallahi kowace safiya in na jiyo tarinta ta bayan katanga sai in ji sanyi a raina, domin akwai sauran mutum ɗaya a duniya da ya san yadda Marka take dariya.

Wata safiya ina ɗaure buhunan gishiri, sai na ji ta a bakin turke tana zuba wa jakina dusa. Auraki sunansa. Ta ɗaga murya yadda zan ji, ta ce, "Auraki, ka ce wa mai gidanka ina so a kai ni Birnin Kurmasa, inda aka binne cibiyata. Can nake so in ƙarasa sauran kwanana."

Igiya ta suɓuce daga hannuna. Abin da ya taso mini shi ne, Inna kada ki tafi, in kika tafi gidan nan ya zama kango. Amma me kuke tsammani na faɗa, ni Tunau mai baki kamar reza? Na ce, "Auraki, ka ce wa Inna to."

To! Kalma ɗaya tak, na sayar da kaina. Na ɗaura wa Auraki amalanke, na yi wa Inna rumfar tabarma a baya, na loda gishiri. Ita kuma ta kawo jakar guzuri, dakuwa da kilishi da ƙuli-ƙuli, ta ƙulle bakinta ta ajiye a tsakaninmu. Muka kama hanya, ina tafe ina neman ta inda zan ce mata ta fasa, bakina kuwa kamar an ɗinke shi.

Jakar guzurin nan ban taɓa ta ba. Yaya zan yi in tauna kilishi Inna na bayana tana jin motsin haƙorana? In mun tsaya hutu sai in zaga bayan itace in tsinci magarya, in kora da ruwa. Na bar mata jakar, na ce ai ita tana cikin rumfa, ta ci abinta a ɓoye.

Da muka gangaro daga duwatsu sai ga Tafkin Malale shimfiɗe, ba a ganin ƙarshensa. Da safe kore ne shar, in rana ta take ya koma launin shuni. Hanya ta bi gaɓarsa, ruwa a hagu, tudu a dama, har muka iso garin farko, Tungar Wasai.

Mutanen Tungar Wasai ba sa yin su, wato kamun kifi. Kiwon kifi suke yi, yadda ake kiwon shanu. Kifayensu kowanne ya kai bajimi, kowanne da sunansa, kuma da hantsi sai su fito tudu suna jan ciki zuwa makiyaya su ci ciyawa, makiyayi na biye da su da sanda. Ni ina na san haka? Wani tsoho ya yi ta ɗaga mini hannu a bakin gari, na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga masa nawa na wuce. Ashe cewa yake in kauce, na shiga burtalinsu.

Sai na ji ƙasa na rawa. Na duba, ga garke ya taso daga ruwa, babbansu a gaba da gashin baki kamar igiyar guga. Auraki ya ƙame, ko kunne ya ƙi kaɗawa. Na miƙe a kan amalanke na shiga zagin kifin nan, na zagi uwarsa, na zagi kakansa, na zagi ruwan da ya haife shi. Ya sa goshi ya tunkuɗi amalanke, ƙafa ɗaya ta tashi sama, rumfar Inna ta karkace.

A cikin wannan tashin hankali na ji muryarta, a natse kamar mai tsince shinkafa. "Auraki, ka ce wa mai gidanka kifi ba ya jin zagi. Ya farke buhu ɗaya ya zagaye mu da gishiri."

Na diro na sa wuƙa na farke buhu, na ja shi a ƙasa na kewaye amalanke. Babban kifin ya kai gashin bakinsa ya taɓa gishirin, ya yi wata irin atishawa da ta jiƙa ni sharkaf, ya ja da baya. Kifin ruwan daɗi ne, ba ya shiri da gishiri. Garken ya rabu biyu, suka wuce mu ta dama da hagu.

Makiyayinsu, wani dogo da ake kira Dogara, ya iso yana haki yana dariya. "Baƙo, wa ya koya maka dabarar mutanen tafki?"

Na nuna masa rumfa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa masa da irin karin harshen mutanen gaɓa, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Suka yi ta hira, tana tambayarsa ko har yanzu ana soya kifi da man gyaɗa a mashigi, har da 'yar dariyarta. Ya kamata in yi murna mun tsira, amma ban yi ba. Na ce a raina, shi ke nan, tsohuwa ta ji ƙamshin gida.

Muka wuce ƙananan tungaye, wasu a kan ginshiƙai cikin ruwa, wasu a kan ciyawa mai yawo, har muka zo Gwalanda. Gidajen garin nan katantanwa ce, manya-manya da tafki ke tofowa, kowace ɗaya ta ishi iyali. In iska ta taso sai gari duka ya ɗauki busa kamar sarewa. A bakin garin ne shaiɗan ya raya mini wata dabara. Na faki idon Inna na zare ƙusar ƙafar amalanke na jefa aljihu, ƙafa ta fita, na yi ta salati da ƙarfi don ta ji.

Aka nuna mini maƙera. Maƙerin, Jatau, ya duba ƙafar, ya dube ni, ya ce, "Baƙo, ƙusar nan ba karyewa ta yi ba, zare ta aka yi. Ga ma shatinta nan a aljihunka."

Na ce, "Kai maƙeri ne ko boka? Yi aikinka!"

Ya rage murya. "Wa kake ƙin kaiwa inda za shi?"

Na nuna masa Inna da haɓa, tana zaune a inuwa tana sauraren busar gidaje. Na ce, "Birnin Kurmasa zan kai ta, can za ta zauna. In ta zauna, ba ni da kowa."

"To ka gaya mata mana."

"Surukata ce."

Jatau ya ajiye guduma a hankali. Ya ce, "Assha. Wannan ya fi ƙarfin maƙera." Amma mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Aikin da ba zai kai shan ruwa ba ya yi ta jan sa har la'asar, yana hura wuta yana kashewa, don dai ya ƙara mini yini guda. Yinin ya wuce ban gaya wa Inna ba.

Hanya ta ƙare a wani gari da ake kira Mashigi. Daga nan sai a jirgin ruwa zuwa Tsibirin Dumbi, daga tsibirin kuma akwai gadar dutse har ƙofar birni. Mai jirgin mace ce, Tabawa, damtsenta kamar taɓarya. Kafin mu shiga ta tsayar da mu.

"Ku ji dokar ruwan nan. Ba ya jin nauyin jiki, ba ya jin nauyin kaya. Nauyin maganar da mutum ya riƙe a cikinsa yake ji. Wanda ke da abin faɗa ya faɗe shi tun nan. Kuma jaki ba ya shiga."

Na ce, "Don me? Zan kwance amalanken."

"Dabba ba ta magana, wa ya san abin da ke cikinta? Dubi idon jakin nan, wannan ai shi kaɗai ya isa ya kai mu ƙasa."

Gaskiyarta, duk abin da muka ɗora masa tun daga gida yana nan a cikinsa. Na bar shi da amalanke a hannun ƙanenta. Na rungumi wuyan jakin na ce, "Auraki, yanzu wa ka bar mana?" Ya ci gaba da cin harawarsa, ko a jikinsa.

Muka shiga kwale-kwale, ni a gaba, Inna a baya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Ba mu yi nisa ba jirgi ya fara nutsewa. Ruwa ya zo baki, ya fara lasar katako, ya fara shigowa.

Tabawa ta daka tsawa. "Ku yi magana, bayin Allah! Ni ina da 'ya'ya!"

Na ce, "Ina tsoron ruwa!" Jirgi ya ɗago kamar faɗin yatsa.

Inna ta ce, "Ƙafata na ciwo tun Gwalanda." Ya ƙara ɗagowa kaɗan, ya koma.

Tabawa ta ce, "Waɗannan tsakuwa ce, dutsen niƙan nake so ku jefar!"

Ruwa ya kai idon sawu. Idona ya faɗa kan ƙwaryar da ake kwarfe ruwa da ita. Na ce, "Tabawa, dokar cewa ta yi a faɗa. Ta ce lalle sai wani ya ji?"

Ta ce, "Ba ta ce ba."

Na ɗebo ruwa cike da ƙwarya, na tsoma fuskata ciki, na faɗi duk abin da na riƙe tun daga bakin turke. Na ce kada ki tafi. Na ce ke kaɗai kika rage mini. Ruwa ya yi ta ɓulɓula, na ɗago ina tari, na juye shi cikin tafki. Nan take gaban jirgi ya tashi sama. Amma bayansa, inda Inna take, ya ƙara lumewa, har jirgi ya yi tsaye kamar doki zai yi tutsu. Tabɗi! Tsohuwar da iska za ta iya ɗauka, me ta riƙe haka?

Ba ta waiwayo ba, hannu kawai ta miƙo ta baya. Na sa mata ƙwaryar. Ta daɗe fuskarta na ciki, har na tsorata. Da ta juye ruwan, jirgi ya tashi ya daidaita, ya kama gudu kamar ganye.

Tabawa ta share gumi ta ce, "Shekara da shekaru ina aikin nan, ɓarayi na haye da su lafiya, maƙaryata lafiya. Surukai ne kullum ke neman halaka ni."

Tsibirin Dumbi wuri ne mai sanyi, itatuwansa kowane reshe da irin 'ya'yan da yake yi, lemo nan, dabino can, duk a gindi ɗaya. Magajin tsibirin, wani dattijo mai suna Anaruwa, ya tarye mu da matarsa Delu. Ya ce al'adarsu tun kakanni ita ce, baƙo yana miƙa guzurinsa a raba wa mutanen gari, su kuma su ciyar da shi. Waɗanda jirgi ɗaya ya kawo kuwa kwano ɗaya suke ci. Wanda ya ƙi, ba ya taka gada.

Na buɗe baki zan yi musu, sai Delu ta ɗaga jakar guzurinmu tana jujjuyawa. "Ikon Allah. Daga ina kuka ce kun taso? Ƙullin nan ai ba a taɓa kwance shi ba."

Ta kwance. Dakuwa na nan, kilishi na nan, ko ɓallin ƙuli-ƙuli babu wanda ya yi. Ta dubi leɓen Inna, ta kama tsintsiyar hannunta, ta ce, "Haba Iya! Ke ai yunwa ce ke cin ki. Me kike ci a hanya?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Na bar wa mai tuƙa amalanke, shi ke aikin ƙarfi. Kuma yaya zan yi in tauna yana ji?"

Jama'a, ƙasa ta tsage in shige. Ni ina bayan itace ina tsintar magarya, ita tana cikin rumfa tana haɗiyar yawu, jaka cike a tsakaninmu. Na ji haushin kaina, na ji haushinta, na ji tausayinta.

Delu ta dube mu duka biyu ta girgiza kai. Mace ce mai dabara. Ta sa aka rataye tabarma a tsakar ɗaki, ta bar 'yar tazara a ƙasa, ta tura kwanon tuwo da miyar kifi ƙarƙashinta, rabi ta nan rabi ta can. Ta ce, "Ga kwano ɗaya, ga kunyarku ba a taɓa ta ba. Bismillah."

Na zauna ta wannan gefe, Inna ta wancan. Ba na ganin komai nata sai hannu. Akwai wata tsoka babba a tsakiyar kwanon, na tura ta gefenta. Hannun ya turo ta gefena. Na mayar. Ya dawo da ita. Sai a lokacin na lura da hannun sosai, ƙaramin yatsan a ɗan lanƙwashe yake, sak irin na Marka. Duk zaman da muka yi gida ɗaya ban taɓa sani ba, don ban taɓa kallo ba. Hawaye suka zubo mini har cikin gemu. Na sake tura tsokar, sai hannun ya cafke wuyan hannuna, ya juya tafina sama, ya sa mini ita a ciki, ya naɗe yatsuna a kanta. Na ci. Ita ma na ji tana ci, kuma ba wanda ya mutu.

Washegari muka hau gadar dutse, ni a gaba da ƙullin kayanta a ka, ita a baya da sanda. Birnin Kurmasa ya taso a gabanmu. An ce an gina shi tun tafkin yana kududdufi. Ganuwarsa tsuntsu kan huta a kanta kafin ya ƙetare. A ciki ga soraye masu zane, ga tsofaffin masallatai da matakalarsu ta lotsa saboda sawun masallata, ga rijiyoyi da ke ɗauke da sunayen sarakunan da ba wanda ya tuna da su. Rabin unguwannin cike da mutane, rabi kuma sai kurciya.

Na zaci Inna za ta tambayi unguwarsu. Sai na ji ta tare wani mai tallan ruwa ta ce, "Ɗan nan, ina hanyar Filin Ƙyamare?"

Muka bi kwatance har tsakiyar birni. Fili ne fetal, cike da ƙyamaren ƙofa a tsattsaye, babu bango babu rufi, layi bayan layi. Mai kula da wurin, wani tsoho da ake kira Cindo, ya ga na saki baki ya yi mini bayani. A birnin nan in gida ya rushe, zuriyarsa ta ƙare ko ta watse, ba a ƙona ƙyaurensa. Nan ake kawo shi a kafa. Ɗan gidan in ya dawo ya ƙwanƙwasa, zai ji gidan yadda yake a da.

Inna ba ta nemi jagora ba. Ta ratsa layuka ta tsaya gaban wani ƙyaure na icen kirya mai ƙusoshin ƙarfe. Ta ƙwanƙwasa. Sai ga ƙarar daka, ga kukan akuya, ga yara na guje-guje, ga wata mace tana ƙwala kiran wata yarinya ta zo ta ɗauke tukunya. Na toshe kunnena don na gane sunan Inna ne ake kira, amma na riga na ji. Inna ta jingina goshinta da ƙyauren har sautin ya ɗauke.

A nan hankalina ya dawo jikina. Ba ta nemi gida ba, fili ta nema. Ashe tun muna Gangaren Tama ta san ba ta da kowa a nan.

Cindo ya matso ya ce, "Baiwar Allah, kin san dokar birni. Wanda ya dawo ya tarar da ƙyaure kaɗai, birni ne uwarsa da ubansa. Akwai Zauren Masu Dawowa, za a ciyar da ke a tufatar da ke har ranar da Allah ya yi. Amma wanda ya shiga ba ya sake fita ganuwa, kuma sai wanda ba shi da kowa a duniya. Kina da kowa?"

Inna ta ce, "Ba ni da kowa."

Ban san lokacin da ƙullin kayan ya faɗo daga kaina ba. Na zagayo gabanta, na dube ta tsakiyar ido, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka ɗaura mini aure.

"Inna! Ba ki da kowa? To ni mene ne, kututture? Wa kike dafa wa tuwo? Tarin wa nake jira kowace safiya kafin in iya tashi? Kika sa na jawo ki duk wannan uwa duniya don ki shiga zaure a rufe ki? Wallahi ba ki yi mini adalci ba!"

Ta ja mayafi za ta rufe fuska, ta fasa. Idonta ya cika. Ta ce, "Kai yaro ne, da sauran ƙarfinka. Wace mace ce za ta shigo gidan da uwar marigayiya ke zaune a ciki? Ina nan, ba za ka yi aure ba, ba za ka ga ɗanka ba. 'Yata ta tafi ta bar ka hannu wofi, ni kuma in zauna in tare maka ƙofa? Na ce bari in kawar da kaina tun ba ka gaji da ni ba."

"Wa ya ce miki na gaji?"

"Ai da na ce a kai ni, cewa ka yi to."

Kash! Na durƙusa na kama gefen zanenta na ce, "Inna, to ɗin nan ƙarya ce. Mu koma gida."

Cindo ya yi gyaran murya. "Ba na so in ɓata muku, amma ta riga ta faɗa a gaban ƙyaure, kuma gaskiya ta faɗa. A dokar birni surukin da matarsa ta rasu ba ɗa ba jika, ba dangi ba ne. Igiyar ta tsinke."

Na miƙe zan shaƙe tsohon nan, ya ɗaga hannu. "Tsaya, sarkin zuciya, ban gama ba. Akwai hanya ɗaya. Wanda ya ɗauki ƙyauren gida a bayansa, daga filin nan har wajen ganuwa, bai dire ba, shi ne ɗan gidan. Gidan ya tashi ke nan, ita kuma ta zama uwarsa. Sai dai ka duba da kyau, kirya ce."

Na tuɓe riga na yi gammo da ita. Majiya ƙarfi suka ciro ƙyauren suka ɗora mini. Wayyo Allah! Na ɗauki buhunan gishiri iri-iri a rayuwata, amma wannan sai da na ji ƙashin bayana yana magana. Na ɗaga ƙafa, na sake ɗagawa. Ƙusoshin suna huda mini kafaɗa, gumi na shiga idona, ba na ganin komai sai ƙasa. Mutane suka firfito daga gidaje suka jeru a hanya, mata na guɗa, tsofaffi na cewa, "Sannu ɗan gida, sannu ɗan gida." A wajen marina gwiwata ta sare, na tafi zan kife, sai na ji kamar an ɗan tallafa daga baya. Na leƙa ta ƙarƙashin hammata. Inna ce, ta yar da sandarta, ta sa hannu biyu ta riƙe gindin ƙyauren, da ƙarfinta da bai kai na ɗaga faifai ba. Cindo na biye da mu, ya ga abin da take yi, ya ɗaga kai yana kallon tsuntsaye.

Haka muka fita ƙofar birni. Ina taka gada na sauke shi, na baje a ƙasa ina numfashi kamar zugazugi. Inna ta zauna a gefena, ta sa bakin mayafinta tana goge mini jinin kafaɗa. Can ta ce, ba ta hanyar kowa ba, kai tsaye:

"Tunda ka zama ɗa, to ka ji maganar uwa. Muna isa gida za ka yi aure."

Na ce, "Ba zan yi ba."

"Za ka yi."

"Inna, na ce ba zan yi ba."

"Za ka yi, don ƙaniyarka! Ni zan zaɓo ta da kaina. Dubi yadda ka rame kamar kara, ga taurin kai, ban san yadda Marka ta yi haƙuri da kai ba."

Na fashe da dariya, ina dariya ina kuka, ita kuma ta ci gaba da zazzaga mini faɗa har mutane suka tsaya kallo. Wannan shi ne faɗanmu na farko ni da Inna, kuma a duk abin da na taɓa ji da kunnena babu wanda ya kai shi daɗi.

Nan hikayata ta tsaya, ya ku masu saurare. Allah ya bar kowa da mai yi masa faɗa.